Fatalwar da Mutum Ɗaya Kaɗai Ke Gani

A wani ƙauyen masunta da ke gaɓar teku a arewacin Peru, wani magidanci mai suna Miguel yana tafe a tsakiyar gari da rana tsaka, hannunsa cikin hannun wani namiji, masoyinsa Santiago. Mutane na ta harkokinsu, ana gaishe shi yana amsawa, babu wanda ya ko waiwaya. Dalili kuwa, wanda yake riƙe da shi ɗin ya riga ya mutu. Teku ta cinye shi kwanaki kaɗan kafin nan, kuma duk faɗin garin Miguel kaɗai ke iya ganinsa. Abin da ya gagare su yi lokacin da Santiago yake da rai, sai ga shi ya yiwu bayan ya zama fatalwa.

Wannan fitowa tana cikin Contracorriente, fim ɗin da Javier Fuentes-León ya ba da umarni a 2009, wanda ya ci kyautar zaɓin 'yan kallo a bikin fina-finai na Sundance a Amurka a 2010. Tun da na gan ta ban daina juya ta a zuciya ba, don a cikin 'yan mintuna ta amsa wata tambaya da masu nazarin fim suka daɗe suna yi: me ya sa masu shirya fina-finai masu zaman kansu, idan za su ba da labarin namiji mai son namiji ko mace mai son mace, suke yawan kiran fatalwa, ko dodo, ko mai rikiɗa? Duniyar zahiri ba ta ishe su ba ne?

Na san akasarin masu karanta wannan sharhi suna da matsaya a kan luwaɗi da maɗigo, matsaya ta addini wadda ba a nan za a warware ta ba, ni kuma ba fatawa na zo bayarwa ba. Abin da ke gabana shi ne wani salo na ba da labari, yadda aka yi ya samu, da abin da yake faɗa game da rayuwar ɓoye. Wanda bai fahimci salon ba zai kalli fim ɗin ya ɗauka labarin tsoro ne kurum, ya tashi bai ji abin da aka gaya masa ba.

Asalin abin dole ce ta kawo shi. A 1930 manyan kamfanonin Hollywood suka amince da wani kundin ƙa'idoji da aka fi sani da sunan Will Hays, aka soma aiki da shi da gaske a 1934 ƙarƙashin Joseph Breen. Kundin ya hana nuna duk abin da ya kira karkatacciyar sha'awa, har da yin ishara gare ta. Sai a 1961 aka ɗan sassauta wannan sashe, kundin kansa kuma bai kau ba sai 1968. Shekara talatin da 'yan kai ke nan babu halin a fito da irin waɗannan mutane a matsayin mutane. Amma akwai ƙofar da aka bari a buɗe, ita ce ta fim ɗin tsoro. Dodo yana da izinin sha'awar abin da bai halatta ba, tunda dodo ne, kuma a ƙarshe za a kashe shi kowa ya koma gida hankali kwance.

Dubi Dracula's Daughter na 1936. Mace ce mai shan jini wadda ta tsani halinta, har ta je wurin likitan ƙwaƙwalwa neman magani, amma da aka kawo mata wata budurwa don ta zana hotonta sai ta kasa riƙe kanta. Babu kalma ɗaya da ta ambaci maɗigo, duk da haka masu ido sun gani. Tun kafin fim ma adabi ya share hanyar: labarin Carmilla na Sheridan Le Fanu, na mai shan jinin da ke farautar 'yan mata da kalaman ƙauna, ya fito a 1872, shekara 25 kafin littafin Dracula. James Whale kuwa, wanda ya ba da umarnin Frankenstein a 1931, mutum ne da abokan aikinsa suka san da namiji yake zaune, kuma ba a rasa masu ganin cewa tausayin da ya nuna wa halittar da gari ya kora da wuta yana da tushe a rayuwarsa. Vito Russo ya tattara wannan tarihi a littafinsa The Celluloid Closet a 1981, Harry Benshoff ya bi sawu a 1997 da nazari a kan fina-finan tsoro kaɗai.

To amma abin lura shi ne, bayan da aka cire takunkumin, masu ba da irin wannan labari ba su yar da rigar dodon ba. Sun ɗauke ta, sun juya ta, sun sa da kansu. A 1991 Todd Haynes ya fitar da Poison, fim mai labari uku a sarƙe. A ɗaya daga ciki wani masanin kimiyya ya tace sha'awar ɗan Adam ta zama ruwa a kwalba, ya sha bisa kuskure, jikinsa ya ɓarke da gyambo, gari ya bi shi da tsana. A wancan lokacin cutar ƙanjamau tana ta kwasar samari a New York da San Francisco, kowa ya gane inda aka dosa. Fim ɗin ya ci babbar kyautar Sundance, ya kuma jawo rigima saboda dala 25,000 da hukumar tallafa wa fasaha ta gwamnatin Amurka ta ba shi, har shugabannin wasu ƙungiyoyin Kirista irin su Donald Wildmon suka yi ta kiran a bi kadin kuɗin. Shekara ɗaya bayan haka mai sharhi B. Ruby Rich ta laƙaba wa wannan guguwa suna, sabon sinimar queer. Kalmar a da zagi ce, tana nufin baƙon abu ko bauɗaɗɗe, waɗanda ake zagi da ita kuma suka karɓe ta suka mai da ita sunansu. Abin da suka yi da kalmar shi suka yi da dodon. Da a bakin taron masu kora ake ɗora kyamara, yanzu sai aka ɗora ta a idon wanda ake kora.

Akwai kuma dalilin aljihu, wanda masu nazari kan tsallake. Mai fim mai zaman kansa ba shi da kuɗin babban kamfani. Yakan haɗa jari ne daga asusun tallafi na ƙasashe daban-daban. Contracorriente haɗin gwiwar Peru da Kolombiya da Faransa da Jamus ne. Fatalwa kuwa ba ta cin ko sisi. Ɗan wasan da ya fito da rai shi zai sake fitowa a mace, da rigarsa ta jiya, sai dai a ce wa sauran 'yan wasa kada su dube shi. Duk ƙarfin abin yana cikin wannan rashin duban.

Mu koma ƙauyen masuntan, don a nan ne naman yake.

Miguel ba saniyar ware ba ne. Mutum ne da gari ke ji da shi, mai zuwa coci, matarsa Mariela na ɗauke da cikin fari, kuma yana son ta so na gaskiya. Fim ɗin ya buɗe da jana'izar wani ɗan'uwansa. A al'adar garin, kamar yadda labarin ya tsara ta, ana naɗe mamaci, a ɗauke shi a kafaɗa a ratsa gari, wani na kusa da shi ya tsaya gaban jama'a ya miƙa shi ga Ubangiji, sannan a kai shi cikin teku a kwalekwale. Wanda ba a yi wa haka ba, ransa ba zai huta ba. Miguel ne ya tsaya ya yi wa ɗan'uwan nasa. Santiago kuwa ɗan masu hali ne daga birni, mai zane, wanda gari ke yi wa kallon banza ana ƙus-ƙus idan ya wuce. A ɓoye suke haɗuwa, can wani lungu na gaɓar teku. Santiago ya gaji da ɓuya, Miguel ba zai iya fita fili ba. Sai igiyar ruwa ta ja Santiago.

Da fatalwar ta bayyana, buƙatarta ɗaya ce: a nemo gawar a yi mata sutura. Miguel ya yi ta nutso har ya same ta. Sai ya yi wani abu da ya fi duk abin da ke fim ɗin tayar mini da hankali. Ya ɗaure gawar a jikin dutse a ƙarƙashin ruwa, ya dawo ya yi shiru. Don me? Don ya samu abin da ya daɗe yana nema: mata a gida, masoyi a gefe wanda ba mai gani, mutunci a gari. Komai ya zauna masa daidai, sai dai wanda ke biyan kuɗin wannan kwanciyar hankali mamaci ne da aka hana hutu.

A nan ne na ga amfanin fatalwa a irin wannan labari. Da a zahiri aka ba da shi, sai a yi ta jawabi: ka ɓoye ni, ka mai da ni kamar babu ni. Fatalwa ta ɗauke wa marubuci wannan wahala. Mutumin da ake so a ɗaki a yi masa kallon baƙo a kasuwa, tun yana da rai fatalwa ne; mutuwar ta fito da abin fili kurum. Fim ɗin kuma bai wanke Miguel ba. Ya nuna cewa mai ɓuya ba wanda aka zalunta ba ne kaɗai, shi ma yana zalunci. Ya zalunci Santiago, ya kuma zalunci Mariela, wadda aka aura aka yi wa ciki ba ta san rabin mijinta ba. Da aka ga zane-zanen Miguel tsirara a gidan Santiago, tsegumi ya cika gari, ita ce ta sha kunya a gaban mata, ita ce ta ɗauki jaririnta ta bar gidan. Ina ganin mai karatu Bahaushe, ko mece ce matsayarsa, zai tsaya a kan Mariela. Ni ma a kanta na tsaya. Duk al'ummar da ta ce wa irin Miguel ya yi aure abin zai wuce, to ta san akwai 'yar wani da za a ba shi, kuma ba a tambaye ta ba.

Ba kowane darakta ne ke amfani da gaibu don bayyana abu ba. Wani don ya ƙara nutsar da shi yake yi. Apichatpong Weerasethakul na ƙasar Tailan ya raba Tropical Malady gida biyu. Rabin farko labari ne mai sanyi: soja Keng yana neman wani saurayin ƙauye, Tong, suna zuwa sinima, suna yawo, ba mai tsangwamar su. Sai allo ya yi baƙi, wani fim ya soma. Soja shi kaɗai a dokar daji yana bin sawun wani boka mai rikiɗa damisa, kuma 'yan wasan nan biyu ne dai. Biri ya yi masa magana, kurwar saniya ta tashi daga mushenta ta shige duhu, a ƙarshe ya durƙusa yana kallon damisa a kan reshe, ita ma tana kallonsa. Sunan fim ɗin a harshen Tailan, Sud Pralad, yana nufin dodo ko baƙuwar dabba. Da aka nuna shi a bikin fina-finai na Cannes a Faransa a 2004 wasu 'yan kallo sun fice, amma alƙalai suka ba shi kyautarsu. A wurin Apichatpong babu maganar gari ko doka. Tambayarsa ta fi haka tsufa: idan so ya kama mutum, shi ne mafarauci ko shi ake farauta? Kuma iskokin da ya kawo ba aro ba ne daga Turai, na yankin Isan ne inda ya tashi, inda labarin kurwa da rikiɗa yake cikin hirar yau da kullum. Shi ya sa ba ya yi musu kiɗan tsoro. Suna shigowa ne kamar maƙwabta.

Thelma na Joachim Trier, daga Nowe a 2017, ya fi sauƙin bi. Yarinya daga gidan Kiristoci masu tsanani ta tafi jami'a a Oslo, zuciyarta ta karkata ga wata ɗaliba, Anja, sai ta soma faɗuwa kamar mai farfaɗiya, likitoci suka auna ba su ga farfaɗiya ba. Ashe duk abin da ta danne yana fita ta wata hanya: wanda ta so ya ɓace, sai ya ɓace. Fim ne mai kyan tsari, amma a ganina ya cika daidaita lissafi, dannewa ta haifi ɓarna, karɓar kai ta kawo waraka, kamar ana warware darasi a allo.

Wanda ya fi shi zurfi shi ne All of Us Strangers na Andrew Haigh, 2023. Haigh ya ɗauko littafin marubucin Japan Taichi Yamada na 1987, ya mai da labarin Landan, ya mai da masoyiyar da ke cikin littafin namiji, ya kuma ɗauki fim ɗin a ainihin gidan da ya yi ƙuruciya kusa da Croydon. Adam marubuci ne da iyayensa suka mutu a haɗarin mota yana ɗan shekara goma sha biyu ba kaɗan. Ya koma tsohon gidansu, ya tarar da su a ciki, da shekarunsu na ranar da suka mutu, wato ya kai su ko ya girme su. Nan fatalwa ta yi wani aiki dabam: ta buɗe ƙofar hirar da mutuwa ta rufe. Ya gaya wa uwarsa ko shi wane ne, ita kuma ta amsa da tunanin shekarun 1980, tana tsoron cuta, tana tsoron zai ƙare shi kaɗai. Uban ya amsa cewa yakan ji shi yana kuka a ɗaki bayan an tashi makaranta, bai taɓa shiga ba. Wannan ba mai neman jinsinsa kaɗai ne zai ji ta a ƙirji ba. Duk wanda ya binne mahaifi da sauran magana a tsakaninsu ya san nauyinta.

Ga inda nake da ƙorafi da salon gaba ɗaya, kuma ba ƙaramin ƙorafi ba ne. Fatalwa sai an mutu ake zama ita. Santiago ya mutu. A fim ɗin Haigh ma mutuwa ba ta tsaya kan iyaye ba. A As Boas Maneiras na Birazil, wanda Juliana Rojas da Marco Dutra suka yi a 2017, soyayyar Clara, baƙar mace mai aikin raino, da uwar ɗakinta Ana ta yanke ne ranar da Ana ta mutu wurin haihuwar jariri mai rikiɗa kyarkeci. A zamanin Hays ana kashe dodo don a hukunta shi; yanzu ana kashe masoyi don a tausaya masa. Niyya ta sauya, gawa dai tana nan. Akwai kuma wani sauƙi da hakan ke ba ɗan kallo wanda ban yarda da shi ba: yin kuka a kan mamaci ba ya neman komai daga gare ka, zama da mai rai a unguwa ɗaya shi ne mai wuya. Fim ɗin da ya san wannan tarko, kamar Contracorriente, yakan mai da shi jigon labarin, ya nuna cewa son fatalwa ya fi sauƙi kuma wannan sauƙin shi ne laifin. Wanda bai sani ba sai ya faɗa ciki, ya sayar da hawaye.

Mu a nan wannan harshe na gaibu ba baƙo ba ne, ko da yake ba a fim muke yin sa ba. Budurwar da ta ƙi aure, ko matar da ba ta son miji ya kusance ta, sau nawa ake cewa namijin dare ne ya aure ta, a kai ta wurin mai ruƙiyya? Ba ina cewa duk wadda aka faɗa wa haka maɗigo take yi ba. Dalilai suna da yawa, daga ciwo zuwa tsoro zuwa auren dole. Abin da nake nufi shi ne mu ma, idan sha'awa ko rashinta ta saɓa wa abin da aka saba, aljani muke kira ya ɗauki nauyin, don iyali su samu abin faɗa ba tare da an tona asirin kowa ba. 'Yan daudu kuwa, waɗanda ba duka ne masu neman maza ba, tarihinsu ya daɗe a sarƙe da bori, kuma masu bincike suna danganta sunan nasu da iskan nan Ɗan Galadima. Rudolf Gaudio ya yi shekaru yana bincike a kansu a Kano kafin ya fitar da littafinsa a 2009. A fagen bori namiji kan hau iska mace, mace ta hau iska namiji, jama'a su kalla ba su ce uffan ba, tunda ba shi ba ne, iska ce. Irin wannan fim ba zai fito daga Kannywood ba: dokar tarayya ta 2014 ta tanadi ɗaurin shekara 14 ga auren jinsi, ga dokokin shari'a a jihohi 12, ga Hukumar Tace Fina-finai ta Kano tun 2001. Amma dabarar ɗora wa gaibu abin da baki ba zai iya furtawa ba, mun san ta tun kafin a ƙera kyamara. Bambancin shi ne mu don mu rufe magana muke yin ta, su kuma waɗannan daraktoci don su buɗe.

A ƙarshen Contracorriente igiyar ruwa ta kwance gawar daga inda Miguel ya ɗaure ta, ta faɗa a tarun wasu masunta. A lokacin Mariela ta dawo gida, tsegumi ya soma lafawa, abin da kawai ake so daga Miguel shi ne ya yi shiru dangin Santiago su ɗauki gawarsu su koma birni. Sai ya je ya roƙe su su bar shi ya yi masa sutura irin ta garin. Ya san ma'anar hakan, don a al'adarsu na kusa da mamaci ne ke miƙa shi, kuma duk wanda ya tsaya a wannan matsayi ya faɗi dangantakarsa da bakinsa. Ya sa kafaɗa ya ɗauka. Yawancin gari suka tsaya daga nesa suna kallo, 'yan kaɗan suka fito suka kama masa. Ya ratsa ta hanyar nan da suka taɓa bi hannu cikin hannu ba mai ganinsu, ya kai shi bakin ruwa, ya sa shi a kwalekwale.